Kwaɗon Lissafi Mai Tsaron Kuɗin Manomi: Binciken Dakta Taher Elgamal Da Cinikin Waya A Karkarar Kano

Duk wanda ya san ƙasar da ta tashi daga Ungogo ta bi ta Minjibir da Dawakin Tofa, ta zarce Bici da Ɗambatta da Makoɗa har Kunci da Tsanyawa, ya san cewa ƙasa ce wadda ba a barin ko taƙi ɗaya ya kwana banza. Gona na manne da gona, ƙauye na hango ƙauye, ga ɗorawa da kuka da gawo da tsamiya a tsaitsaye cikin gero da dawa da gyaɗa da wake. Tun cikin shekarun 1960 wani malamin labarin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Michael Mortimore, ya yi nazarin wannan yanki da ya kewaye birnin Kano, ya nuna yadda jama'a masu ɗimbin yawa ke noma gona ɗaya kowace damina ba hutu, suna riƙe ƙarfinta da takin gida da tokar birni da jakuna ke ɗaukowa.

Gonakin wannan yanki ƙanana ne, saboda haka abin da manomi ya girbe bai cika wuce 'yan buhuna ba, kuma daga cikinsu ne zai ci, ya biya kuɗin makaranta, ya yi hidimar aure da suna, ya sayi takin zamani na baɗi. A da, in ya kai buhunsa kasuwa, kuɗi ake ƙirga masa a hannu. Yanzu kuwa a kasuwannin Ɗambatta da Bici, balle babbar kasuwar hatsi ta Dawanau da ke ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, an saba jin mai saye ya ce, ba ni lambar asusunka. Kuɗin da manomi ya yi wata biyar yana wa gumi ya zama wasu lambobi masu tafiya cikin iska. To, mene ne ke hana wani ya tare su a hanya? Amsar tana cikin wani fannin ilmi da ake kira ilmin ɓoye saƙo, kuma ɗaya daga cikin manyan gwanayensa ɗan Afirka ne, mutumin Masar, Dakta Taher Elgamal.

AMANA A CINIKIN DA

Ciniki tsakanin mutanen da ke nesa da juna ba baƙon abu ne a ƙasar Hausa ba. Fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna safarar goro daga Gwanja, suna kai tufafin Kano har Barno da Agadas. Abin da ya riƙe wannan ciniki shi ne sanayya. Baƙo ya sauka wurin fatoma, fatoma ya haɗa shi da dillali, dillali ya tsaya wa mai saye, a tafa a gaban shaidu. Wanda ya ci amana sau ɗaya, labarinsa ya riga shi isa zango na gaba. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, manyan attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka riƙa ba yaransu kuɗi su shiga ƙauyuka saye, ba da wata takarda mai yawa ba, sai sanin asali da tsoron zubar da mutunci.

Cinikin waya ya kawar da wannan sanayya. Na'urar banki ba ta ganin fuska, ba ta san ɗan wane ba. Saboda haka tilas a samo abin da zai tsaya a madadin fatoma da shaidu, ya tabbatar da abubuwa uku: kada wanda ba a nufa ba ya karanta saƙo, kada a sauya saƙon a hanya, kuma a tabbata wanda ya ce shi ya aiko, shi ɗin ne.

DAGA ZAURANCE ZUWA LISSAFI

Bahaushe ya daɗe da sanin dabarar sakaya zance. 'Yan mata da samari suna yin zaurance, su ƙara wata gaɓa cikin kowace kalma ko su juya ta, Kano ta koma Noka, don kada na kusa ya gane. Malaman waƙa kuma sukan rufe waƙoƙinsu da ramzi, watau su ɓoye shekarar da suka yi waƙar cikin wata kalma wadda kowane harafinta ke da adadinsa. Haka nan wani shaihin malami na Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, ya rubuta littafi cikin 1732 a kan yadda ake tsara hatimi, watau gidajen lambobi waɗanda jimlarsu ke zama ɗaya ta kowace fuska. A birnin Alƙahira ya rasu cikin 1741.

Amma kowane zaurance yana da rauni ɗaya: wanda ya saurara da kyau zai gano ƙa'idarsa. Tun ƙarni na tara, masanin nan na Bagadaza, al-Kindi, ya bayyana yadda ake warware rubutun da aka musanya haruffansa. Ya lura cewa a kowane harshe akwai haruffan da suka fi wasu yawan fitowa. Alal misali, a rubutun boko na Hausa babu harafin da ya kai “a” yawa. Idan mutum ya sauya kowane “a” da wata alama, mai bincike zai ƙirga alamar da ta fi yawa, ya gane ita ce “a”, daga nan sauran su biyo baya kamar warwarar saƙa.

Masana suka yi ta ƙirƙiro hanyoyi masu wuya, har aka kai ga injuna da na'urori masu ƙwaƙwalwa. Duk da haka matsala ɗaya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Mai aikawa da mai karɓa tilas su riƙe makulli iri ɗaya, kuma tilas su fara haɗuwa, ko su aiki amintaccen manzo, kafin su soma magana. Wannan ya yiwu ga sojoji da ofisoshin jakadanci. Amma bankin da ke da miliyoyin masu ajiya, ko kantin da ke sayar wa mutanen da bai taɓa gani ba, ina zai sami manzannin da za su kai wa kowa nasa makulli?

SIRRI A BAINAR JAMA'A

Cikin 1976 wasu masana biyu na Jami'ar Stanford ta Amurka, Whitfield Diffie da Martin Hellman, suka buga wata maƙala da ta nuna cewa mutum biyu za su iya shirya sirri tsakaninsu alhali kowa na jin abin da suke faɗa. Shekara guda bayan haka Ronald Rivest da Adi Shamir da Leonard Adleman suka fito da tasu hanya, wadda ake kira RSA da haruffan farko na sunayensu. Sai cikin 1997 aka bayyana cewa ma'aikatan wata hukumar leƙen asiri ta Ingila sun riga sun gano irin wannan dabara tun farkon shekarun 1970, amma aka hana su faɗa.

Ga yadda dabarar Diffie da Hellman take, da ƙananan lambobi, don ɗalibi ya gwada da alƙalaminsa. A ce wani ɗan kasuwa a Dawanau da abokin cinikinsa a Maraɗi sun yarda a fili da lambobi biyu, 13 da 2. Na Dawanau ya zaɓi 5 a zuciyarsa, bai gaya wa kowa ba. Ya jera 2 sau biyar ya ninka, ya sami 32, ya raba da 13, ragowa 6. Sai ya aika da 6. Na Maraɗi ya zaɓi 4 a zuciyarsa, ya jera 2 sau huɗu ya ninka, ya sami 16, ya raba da 13, ragowa 3. Sai ya aika da 3. Yanzu na Dawanau ya ɗauki 3 da aka aiko masa, ya jera ta sau biyar ya ninka, 243 ke nan, ya raba da 13, ragowa 9. Na Maraɗi ya ɗauki 6, ya jera ta sau huɗu ya ninka, 1,296 ke nan, ya raba da 13, ragowa 9. Dukansu sun sami 9, kuma ita ce makullinsu.

Mai satar ji ya ji 13 da 2 da 6 da 3, amma bai ji 5 ko 4 ba, balle 9. Da ƙananan lambobi irin waɗannan zai iya lalube har ya dace. Amma a aikin gaske, lambar da ke madadin 13 takan kai tsawon alƙaluma fiye da 600, kuma tilas ta kasance irin wadda ba ta rabuwa sai da 1 ko da kanta. Ninkawa da rabawa abu ne na ƙiftawar ido ga kwamfuta, amma komawa baya daga ragowa zuwa lambar da aka ɓoye, wannan ya fi ƙarfin dukkan kwamfutocin da ake aiki da su a yau. Kamar dai a zuba mudun gero cikin buhun rairayi ne: zubawa ba wuya, tsincewa ita ce aiki.

AIKIN DAKTA ELGAMAL

An haifi Taher Elgamal a Alƙahira cikin 1955. Ya yi digirinsa na farko a fannin injiniyan lantarki a Jami'ar Alƙahira cikin 1977, sa'an nan ya tafi Stanford, inda ya zama ɗalibin Martin Hellman, ya gama digirin dakta cikin 1984. Cikin 1985 aka buga maƙalarsa wadda ta sa sunansa ya shiga littattafan wannan fanni a duk duniya.

Abu biyu ya kawo. Na farko, ya mai da dabarar malaminsa ta zama cikakkiyar hanyar kulle saƙo. Misalinta kamar mutum ne ya ƙera kwaɗo masu yawa iri ɗaya, ya rarraba su a buɗe a kasuwa, ya riƙe makullinsu shi kaɗai. Duk mai son aika masa da saƙo sai ya sa a akwati, ya danna kwaɗon. Da zarar ya danna, ko shi kansa ba ya iya buɗewa. A hanyar Elgamal kuma, kowane saƙo ana gauraya shi da sabuwar lamba da aka zaɓa da ka, saboda haka ko an aika magana ɗaya sau biyu, kamanninta a kulle ba za su zama ɗaya ba.

Na biyu, ya tsara sa hannu na lissafi. A nan mai saƙo yana amfani da makullinsa na ɓoye ya buga wa saƙon wani hatimi na lambobi, kowa kuma na iya gwada hatimin da makullin da ke fili. Hatimin na wannan saƙo ne kaɗai. Idan aka rubuta a biya Naira 50,000, wani ya ƙara sifiri ɗaya a hanya, hatimin ba zai dace ba, na'ura ta ƙi karɓa. Cikin 1991 hukumar ma'auni ta gwamnatin Amurka ta gabatar da tsarin sa hannu na lissafi wanda aka gina a kan tunanin Elgamal, aka tabbatar da shi cikin 1994.

Daga 1995 zuwa 1998 Elgamal ya riƙe muƙamin babban masanin kimiyya a kamfanin Netscape, lokacin da intanet ke fara shiga gidaje, 'yan kasuwa kuma na neman hanyar karɓar kuɗi ta cikinta. A nan ne ya jagoranci aikin tsarin da ake kira SSL, wanda ke sa kwamfutar mai saye ta tabbatar da shaidar kanti ko banki, su shirya makulli, sa'an nan su kulle duk abin da zai wuce tsakaninsu. Cikin 1996 aka fito da kashi na uku na tsarin, wanda Paul Kocher ya yi babban aiki a kansa. Cikin 1999 aka gyara shi aka sa masa suna TLS. An daina aiki da tsohon SSL bayan an gano ɓarakarsa, amma magajinsa, wanda aka sabunta cikin 2018, shi ke tsaron manhajojin banki da shafukan biyan kuɗi. Cikin 2019 aka ba Elgamal da Kocher lambar yabo ta Marconi saboda wannan aiki.

YADDA ABIN YA ISO KARKARA

Wayar salula ta fara aiki a Nijeriya cikin Agusta 2001. Wajen 2010 Babban Bankin Nijeriya ya tilasta wa bankuna su bar tsohon katin cirar kuɗi mai baƙin zare a baya, wanda ɓarayi ke kwafa cikin sauƙi, su koma kati mai ɗan ƙarfe a gaba. Wannan ɗan ƙarfe ƙaramar kwamfuta ce mai riƙe da makulli, tana buga sabon hatimi a kowane ciniki. Cikin 2011 aka fara tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna. Cikin Yuli 2013 shirin rage amfani da tsabar kuɗi, wanda aka soma a Ikko, ya iso Jihar Kano, cikin Fabrairu 2014 kuma aka ƙaddamar da lambar BVN mai alƙaluma 11, wadda ke haɗe da zanen yatsun mai asusu.

Amma ta hanyar takin zamani ne manomin karkara ya fara haɗuwa da wannan sabon al'amari. Shekara da shekaru gwamnati na sayen taki ta rangwanta kuɗinsa, amma yawancinsa na ɓacewa tsakanin ofis da gona. Cikin 2009 aka gwada raba takardun shaidar rangwame a jihohin Kano da Taraba tare da cibiyar bunƙasa takin zamani ta duniya, IFDC, inda a Kano aka bi ta ƙungiyoyin manoma. Cikin 2012 Ministan Aikin Gona, Dakta Akinwumi Adesina, ya ƙaddamar da shirin GES, bayan ma'aikatarsa ta ce kashi 11 cikin ɗari ne kawai na manoma ke samun takin gwamnati a tsohon tsari. Aka yi wa manoma rajista, kamfanin Cellulant ya gina musu asusun waya, saƙo ya riƙa zuwa wa manomi cewa ya je cibiya kaza ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi.

Shirin ya kai taki hannun manoma da yawa waɗanda ba su taɓa samu ba, ya kuma bayyana inda gizo ke saƙa. Wani manomin ba shi da waya, wani ƙauyensu ba sabis, wani saƙon ya zo da Turanci bai sami mai karanta masa ba, wani kuma an rubuta lambarsa ba daidai ba. Saboda matsalar sabis ne cikin 2014 aka gwada a Jihar Sakkwato da Abuja wani kati da ake dangwala wa na'ura, ta karanta shaidar manomi ko babu sabis. Bayan 2015 shirin ya ja baya, dillalan taki na bin gwamnati bashi mai yawa.

Babbar jarrabawa ta zo ne da sauyin kuɗi. Cikin Oktoba 2022 Babban Banki ya ba da sanarwar sake fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000. Wa'adin karɓar tsofaffi ya cika cikin Fabrairu 2023, sababbi kuwa ba su wadata ba. Kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin, kasuwannin ƙauye sun ji jiki. Wanda bai da asusu ya karyar da kayansa ga mai tsabar kuɗi, ko ya koma gida da su. Daga wannan lokaci mutane da yawa a karkara suka buɗe asusu, rumfunan masu POS na kamfanoni irin su Moniepoint da OPay suka yawaita a bakin kasuwanni da tashoshin mota.

INDA KWAƊON BAI KAI BA

Ya kamata mai karatu ya san iyakar wannan tsaro. Ɓarayin zamani ba sa wahalar da kansu wajen fasa lissafin Elgamal da abokansa, domin sun san ba za su iya ba. Mutum suke bi. Masu iya magana sun ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tsaga ta farko ita ce lambar sirri. Alƙaluma huɗu suna ba da hanyoyi 10,000, kuma banki kan toshe kati in an yi kuskure sau uku. Amma dattijon da bai iya karatun boko ba yakan miƙa katinsa, ya faɗi lambar da ƙarfi a gaban jama'a, ko ya rubuta ta a takarda ya naɗe tare da katin. Ta biyu ita ce kiran waya, inda wani zai ce daga banki yake, ko daga ofishin rabon tallafi, ya nemi BVN da lambar da aka turo yanzu. Babu bankin da ke neman lambar sirrin mutum ta waya. Ta uku ita ce alat na ƙarya. Gajeren saƙon waya ba ya ɗauke da hatimin lissafi, ana iya ƙirƙirarsa. Mai sayar da hatsi bai kamata ya saki kaya ba sai ya duba asusunsa da kansa ya ga kuɗin sun zauna. Ta huɗu ita ce layin waya. Masu ƙananan wayoyi suna tura kuɗi ne ta danna tauraro da lambobi, wannan hanya kuwa ba ta da irin kullin da manhajar banki ke da shi, ta dogara ne ga layin da lambar sirri. Wanda wayarsa ta ɓata, ya gaggauta sa a rufe layin da asusun tun kafin ya fara cigiya.

Akwai doka. Cikin 2015 aka kafa dokar hana laifuffukan intanet, aka yi mata gyara cikin 2024, cikin Yuni 2023 kuma aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a. Amma manomin da aka kwashe wa kuɗin wakensa a Kunci, tafiya zuwa reshen banki da cika takardu da Turanci kaɗai sun isa su sa ya haƙura.

NAUYIN DA KE KAN MA'AIKATA DA ƊALIBAI

Ma'aikacin gwamnati ma cikin jirgin yake, domin albashinsa ta banki yake zuwa, ɗalibi kuma ta Remita yake biyan kuɗin makaranta. Su ne kuma idon 'yan uwansu na ƙauye. Malaman gona na hukumar KNARDA, waɗanda ke koya wa manomi tazarar shuka da awon taki, ya kyautu a haɗa musu da koyar da tsaron asusu. Ma'aikatan da ke rajistar manoma su sani cewa jerin sunaye da lambobin waya da BVN dukiya ce, barinta a kan tebur ko tura ta barkatai daidai yake da barin rumbu a buɗe. Bankuna da kamfanonin waya kuma ya wajaba su riƙa aika saƙo da Hausa, har da murya, saboda wanda ba ya karatu. Hakimai da dagatai da limamai da shugabannin kasuwa suna da bakin da jama'a ke ji.

Ga ɗalibai kuwa, fagen bincike a buɗe yake. Tun 1994 masani Peter Shor ya nuna cewa idan aka ƙera wata sabuwar irin kwamfuta mai aiki da ƙa'idojin ƙwayar zarra, mai girman da ya isa, za ta warware lissafin da RSA da hanyar Elgamal suka dogara a kai. Ba a kai ga ƙera mai wannan ƙarfi ba tukuna, amma cikin Agusta 2024 hukumar ma'auni ta Amurka ta fitar da sababbin tsare-tsare uku da aka shirya don wannan rana, kuma bankunan duniya, har da na Nijeriya, za su bukaci masanan da za su sauya musu kwaɗo. Bayan wannan akwai tambayoyin da suka fi shafar karkararmu: yaya za a biya kuɗi cikin aminci a inda babu sabis, kuma yaya wanda bai iya karatu ba zai tabbatar da shaidarsa ba tare da ya tona sirrinsa ga wani ba?

Ɗaliban lissafi da na kwamfuta a Jami'ar Bayero, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil, da Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Bici, da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta, sun fi kowa sanin waɗannan matsaloli, domin iyayensu ne ke fama da su kowace ranar kasuwa. Elgamal yana da shekara 29 ya gama binciken da duniya ke cin moriyarsa, kuma jarinsa a lokacin bai wuce ninkawa da rabawa da ragowa ba, sai malami nagari da naci. Ƙasar da ta haifi al-Kashinawi ba za ta rasa masu irin wannan kai ba, in an ba su malamai da kayan aiki.